Ƙofofi Goma, Wuƙaƙe Uku: Unguwar Sinawa ta Yokohama

Daga Tokyo zuwa Yokohama a jirgin ƙasa tafiyar ba ta kai awa guda ba. In ka bi layin Minatomirai har tasharsa ta ƙarshe, Motomachi-Chukagai, ka hauro daga ƙarƙashin ƙasa, taku kaɗan za ka yi ka ga wata doguwar ƙofa shuɗiya ta tsaya a kan titi, rufinta hawa-hawa, an yi mata ado da ruwan zinare. Sunanta Choyomon, ƙofar gabas, ɗaya daga cikin ƙofofi goma na unguwar Sinawa. Kana shigewa ta ƙarƙashinta sai ka ji kamar an sauya maka gari. Titunan da ka baro shiru suke, gine-ginensu ruwan toka, kowa na tafiyarsa bai kula kowa ba. Nan kuwa ja ne da rawaya ko'ina. Fitilu jajaye na rataye a jere, tururi na tashi daga kwandunan gora da aka ɗora kan juna a bakin shaguna, ƙamshin man riɗi da citta da tafarnuwa ya cika hanci. Wani zai miƙo maka ƙwaya guda ta amaguri, wani ɗan itace mai zaƙi da ake gasawa cikin tsakuwa mai zafi, ya ce ka ɗanɗana, da fatan ka sayi leda guda. Gaba kaɗan masu duba tafin hannu na kiran masu wucewa.

Amma ka koma gefe ka tsaya minti biyar, ka kasa kunne. Harshen da za ka fi ji daga bakin jama'ar da ta cika titin Japananci ne. Ga ɗalibai cikin kayan makaranta an kawo su yawon buɗe ido, ga tsofaffin mata ƙungiya-ƙungiya, ga saurayi da budurwa suna raba nikuman, wata farar gurasa mai laushi da ake turarawa da nama a cikinta, suna hura ta saboda zafi. Su ne masu saye. Don su aka rataya fitilun.

Wannan ce unguwar Sinawa mafi girma a Japan. Tsawonta da faɗinta kusan mita 500 ne kowanne, shagunan cikinta kuma sun kai wajen 600. Baƙon da ya zo karon farko yakan ɗauka cewa wani yanki ne na ƙasar Sin aka ciro aka dasa a bakin teku. A ganina wannan fahimtar ta rage wa wurin daraja. Unguwar haifaffiyar Yokohama ce. Dokokin Japan ne suka tsara mata sana'a, girgizar ƙasa da yaƙi suka rushe ta sau biyu, sannan mutanenta suka zauna suka yanke shawarar juya fuskarta waje, su ciyar da masu masaukinsu domin a bar su su zauna lafiya. Wannan shawara ta ci riba ƙwarai, tana kuma da abin da ta ci musu. Duka biyun suna nan a kan titin ga mai son gani.

Sama da shekara ɗari biyu gwamnatin gidan Tokugawa ta taƙaita hulɗar Japan da ƙasashen waje. Nagasaki ce babbar kafar da aka bari, inda mutanen Holan da Sinawa suke kasuwanci, kuma tun 1689 aka killace Sinawan a wata unguwa mai katanga da masu gadi. A 1853 Matthew Perry ya zo da jiragen yaƙin Amurka, a 1858 Japan ta sa hannu kan yarjejeniyar ciniki da Amurka da Holan da Rasha da Ingila da Faransa, a 1859 aka buɗe Yokohama, wadda a lokacin ƙauyen masunta ce mai gidaje wajen ɗari. Sin ba ta cikin ƙasashen nan biyar. Sai 1871 ta samu tata yarjejeniyar. To ta yaya Sinawa suka shigo tun farko?

A inuwar Turawa suka shigo. Kamfanonin Ingila da Amurka da suka daɗe a Hong Kong da Kanton da Shanghai sun zo da ma'aikatansu Sinawa, domin Bature ba ya jin Japananci, Bajapane ba ya jin Turanci. Basine ma ba ya jin Japananci da baki, amma yana da abin da Bature ba shi da shi: rubutu. Japanawa sun ari haruffan Sin tun fiye da shekara dubu, saboda haka in mutum biyun nan suka zauna da takarda da tawada, wannan ya rubuta wancan ya karanta, sai a fahimci juna ba tare da an furta kalma ba. Kamar dai malamin Katsina ne ya haɗu da malamin Timbuktu, ba mai jin yaren wani, amma Larabcin allo ya haɗa su. Da wannan ne Basine ya zama dillali, ya zama tafinta, ya zama ma'aji. Shi ke duba zaren alharini da ganyen shayi, kayan da Japan ta fi fitarwa a wancan zamani, shi ke tantance kuɗin azurfa ya ware na jabu. Duk wanda ya san matsayin fatoma a fataucin goro, mutumin da ke tsakanin baƙon falke da 'yan gari, wanda in babu shi ciniki ba ya faɗawa, ya san irin kujerar da Sinawan farko suka zauna a kai. Bayan dillalai sai masu sana'ar hannu suka biyo: kafintoci, masu fenti, masu ɗab'i, teloli masu ɗinka kwat irin ta Turawa.

Akwai wani ɗan abu da mai lura zai gani a taswira. Titunan unguwar sun karkace, ba su bi layin sauran titunan da ke kewaye da su ba, shi ya sa baƙo kan ɓace a ciki duk da ƙanƙantarta. Mutane da yawa za su ce maka Sinawa ne suka tsara su haka bisa iliminsu na daidaita gini da kusurwoyin duniya. Masana tarihin garin suna da bayani mafi sauƙi: wurin fadamar shinkafa ce da aka cike, titunan kuma suka bi yadda gonakin suke kwance tun da. Ƙofofin nan huɗu na gabas da kudu da yamma da arewa, masu launin shuɗi da ja da fari da baƙi, kowacce da dabbar da ke tsaron kusurwarta a al'adar Sin, daga baya can aka yi su. Wato fasalin manomin Japan ne a ƙasa, fassarar Basine a sama.

Dalilin da ya sa unguwar ta zama ta abinci shi ne wurin da ya fi cancantar a daɗe a kansa, domin nan ne mutane suka fi kuskure. Ana ɗauka cewa Sinawa sun iya girki ne kawai, sai suka buɗe gidajen abinci. Doka ce ta tura su. A 1899 Japan ta soke unguwannin baƙi na musamman, ta ce Turawa na iya zama ko'ina a ƙasar. A shekarar nan kuma aka fitar da dokar sarki mai lamba 352, wadda ta hana lebura baƙo aiki a wajen tsoffin unguwannin sai da izinin hukuma, ta kuma lissafa ayyukan da take nufi: noma, su, haƙar ma'adinai, gini, aikin masana'anta, dako. Kowa ya san Sinawa ake nufi. Shekara huɗu ke nan da gama yaƙin 1894 zuwa 1895 da Japan ta ci Sin, ana kuma tsoron kwararowar leburori masu arha. Abin da ya rage a buɗe shi ne abin da su da kansu suke kira wuƙaƙe uku: wuƙar kuku, almakashin tela, askar wanzami. Da waɗannan ƙarafa uku iyalai suka yi riƙo shekara da shekaru. Sannu a hankali biyu suka dushe. Ɗinkakkun kayan kanti suka kashe kasuwar tela, wanzaman gari suka wadata. Wuƙar kuku kaɗai ta rage da kaifinta.

Ita kuwa ta yi aikin da ya wuce unguwar nesa. Taliyar nan cikin romo da duniya ta sani yau da sunan ramen, take kuma ɗaukarta abincin Japan tsantsa, a da ana kiranta taliyar Nankin (sunan wani birni ne a Sin) ko taliyar Sin. Gidan abincin Rairaiken da aka buɗe a Asakusa ta Tokyo a 1910, wanda ake yawan ambata a tarihin ramen, daga wannan unguwa ya ɗauko masu girkinsa. A 1928 kamfanin Kiyoken, mai sayar da abinci a tashar jirgin ƙasa ta Yokohama, ya ɗauko wani kuku daga unguwar, suka gyara shumai, ɗan ƙunshin nama a fatar fulawa, ta yadda zai yi daɗi ko ya huce, matafiyi ya ci a jirgi. Yau in ka tambayi Bajapane abincin da aka san Yokohama da shi, shumai zai fara ambata. A Nagasaki ma haka: champon, taliyar da garin ke alfahari da ita, wani mutumin lardin Fujian na Sin ne, Chen Pingshun, ya ƙirƙiro ta a gidan abincin da ya buɗe a 1899, don ɗalibai Sinawa marasa kuɗi su ci su ƙoshi. Abincin baƙo ya zama tutar gari.

Kada wannan ya sa a ɗauka unguwar kicin ce kawai. A ƙarshen ƙarni na 19 nan ne mafakar masu son sauya ƙasar Sin. Sun Yat-sen, jagoran masu neman kifar da sarautar Sin, ya gudo nan a 1895 bayan yunƙurin tawayensa na Kanton ya ci tura, ya kafa reshen ƙungiyarsa, ya riƙa dawowa yana tara kuɗi a hannun 'yan kasuwa. Liang Qichao, marubuci mai neman gyaran mulki, wanda ya tsere daga Beijing a 1898, a Yokohama ya riƙa buga jaridunsa ana shigar da su Sin a ɓoye. Makarantar Sinawa ta farko a garin ita ma a 1898 ta fara karatu. Wani ɓangare na juyin da ya kawo ƙarshen sarautar Qing, gidan sarautar Sin na ƙarshe, a 1911 da 1912 a ɗakunan saman shagunan nan aka tattauna shi.

Sai ranar 1 ga Satumba 1923. Saura minti biyu sha biyun rana, daidai lokacin da aka hura wutar girkin rana a kowane gida, ƙasa ta girgiza. Gine-ginen unguwar na jan bulo ne, lungunanta matsattsu, sai suka rufta kan mutane, wuta ta gama da saura. Kusan sulusin Sinawan Yokohama suka rasu a wannan musiba. A kwanakin da suka biyo baya jita-jita ta bazu cewa baƙi na zuba guba a rijiyoyi, 'yan banga suka kashe dubban Koriyawa, aka kuma kashe ɗaruruwan leburori Sinawa a Tokyo. Waɗanda suka tsira daga unguwar wasu suka tafi Kobe, wasu suka koma gida. Waɗanda suka dawo suka sake gini, sai yaƙin Sin da Japan ya ɓarke a 1937, suka zama 'yan ƙasar abokan gaba a ƙarƙashin idon 'yan sanda. Ranar 29 ga Mayu 1945 jiragen Amurka suka ƙone tsakiyar Yokohama, unguwar ta sake komawa toka.

Bayan yaƙi abin ya juya. Sin na cikin ƙasashen da suka yi nasara, saboda haka Sinawan Japan suka samu sauƙin kayan abinci a lokacin da 'yan gari ke cikin yunwa, unguwar ta zama wurin da ake zuwa neman abin sawa a baki. Duk da haka sunanta bai yi kyau ba. Nankinmachi ake ce mata, wato unguwar Nankin, kuma a kunnen Bajapane na lokacin sunan na tafe da hoton lungu mai duhu, da mashayun sojoji da matuƙan jirgin ruwa, wurin da ba a kai iyali. A 1955 manyan unguwar da hukumar birni, zamanin magajin gari Hiranuma Ryozo, suka haɗa hannu aka gina ƙofa a bakin babban titi. Aka rubuta sabon suna a jikinta, Chukagai, wato titin Sinawa, a ɗaya fuskar kuma wasu haruffa huɗu daga tsohuwar hikimar Sin masu ma'anar kusantar mutumin kirki da kyautata wa maƙwabci. Shi ya sa ake kiranta Zenrinmon, ƙofar kyakkyawar maƙwabtaka. Katangar Nagasaki ta 1689 an gina ta ne don a tsare Sinawa a ciki. Ƙofar Yokohama ta 1955 ba ta da ƙyaure, don a kira na waje su shigo aka yi ta. Daga nan aka ɗauki hanyar da ake kai har yau. A 1971 'yan kasuwar unguwar suka kafa ƙungiyar raya ta. A 1972 Japan da Beijing suka ƙulla hulɗar jakadanci, aka kawo dabbobin panda biyu gidan namun daji na Ueno, sha'awar duk wani abu na Sin ta kama jama'a. A 2004 jirgin ƙasa ya iso har bakin ƙofa.

A daidai shekarun da ake gyara fuskar waje, cikin gida a tsage yake. Da 'yan gurguzu suka karɓi mulki a Beijing a 1949, gwamnatin Chiang Kai-shek ta koma Taiwan, rigimar ta ƙetaro teku ta shiga ajin yara. A 1952 makarantar Sinawa ta Yokohama ta dare biyu, har da shigowar 'yan sanda. Masu goyon bayan Taiwan suka riƙe ginin. 'Ya'yan ɗaya ɓangaren suka watsu cikin gidajen mutane ana koyar da su ɗaki-ɗaki, kafin su samu wuri a tudun Yamate. Har yau makarantu biyu ne, ƙungiyoyin al'umma biyu ne, bikin ƙasa ma biyu: wasu na fita fareti ranar 1 ga Oktoba, wasu ranar 10. Mutanen da kakanninsu suka fito daga gundumomi ɗaya na Kanton, maƙwabtan juna a titi ɗaya, suka yi shekaru ana gaisawa sama-sama saboda gwamnatoci biyu da yawancinsu ba su taɓa zama a ƙarƙashinsu ba.

Gobara ce ta fara ɗinke ɓarakar. A tsakiyar unguwar akwai wurin bautar Guan Yu, wanda Japanawa ke kira Kanteibyo. Guan Yu jarumi ne da ya rayu kusan shekara 1,800 da suka wuce, 'yan kasuwar Sin suka ɗaukaka shi saboda an san shi da cika alkawari. Tun farkon shekarun 1860 ake da ɗan ɗakinsa a nan, a 1871 aka yi masa gini sosai. Girgizar 1923 ta rushe shi, bama-baman 1945 suka ƙone na biyu, ranar 1 ga Janairun 1986 wuta ta cinye na uku. Ba ɓangaren da zai iya sake gina shi shi kaɗai ya ce na kowa ne. Dole aka zauna tare, aka tara kuɗi tare, aka buɗe na huɗu a 1990 yana fuskantar titi, inda kowa zai shiga ba sai ya bi ta harabar wani ba. A shekarar gobarar ce kuma aka fara bikin sabuwar shekarar Sin a bainar jama'a, da rawar zaki da ganguna, domin biki ne da ba na Beijing ba, ba na Taiwan ba. Ko da mutum bai yarda da abin da ake bauta wa a ciki ba, in ya hau matakalar ya ga hayaƙin dogayen sandunan turare, ya ga tsohuwa ta durƙusa a gaban gunkin mai jar fuska da dogon gemu yayin da masu yawon buɗe ido ke ɗaukar hoto a bayanta, ya kamata ya san cewa ginin nan shaidar sulhu ne tsakanin 'yan'uwa.

Haɗin kan ya sake nuna kansa bayan shekara goma sha wani abu. Wani kamfanin gidaje ya sayi fili a cikin unguwar zai gina dogon bene na gidajen zama. Mutanen unguwar suka ga in hakan ya fara, ba inda zai tsaya. Suka tara kuɗi suka sayi filin daga hannunsa, suka gina wurin bautar Mazu, wadda masu tafiyar teku na Fujian da Taiwan suke girmamawa, aka buɗe a watan Maris na 2006. Zaɓin ma da hikima: abar girmamawa ce a gaɓa biyu na mashigin da ya raba Sin da Taiwan.

Ga Musulmin da zai je, akwai maganar da ba za a tsallake ba. Girkin da ya kafa unguwar na mutanen Kanton ne, naman alade kuma shi ne ginshiƙinsa. Nikuman ɗin nan mai tururi alade ne a ciki, haka shumai, haka ƙananan ƙunshin nan masu romo a ciki da ake soyawa a faffaɗan kasko ana bin layi a kansu. Abin da ba a ganin nama a cikinsa ma sau da yawa akwai romon ƙashin alade, ko kitsensa, ko giyar shinkafa da ake zubawa a girki. Kalmar da za a riƙe ita ce butaniku, naman alade, harafinsa kuma 豚. A tambaya kafin a saya, ko da kayan zaƙi ne. Amaguri da shayi ba su da wannan damuwa. Wanda ziyararsa ta kai shi Kobe, inda unguwar Sinawa ke riƙe da tsohon sunan Nankinmachi har yau, tafiyar ƙafa ce daga can zuwa masallacin Kobe da aka buɗe a 1935, mafi daɗewa a ƙasar. Buɗe tashar jiragen ruwan da ya kawo Sinawa shi ya kawo 'yan kasuwa Musulmi daga Indiya, daga baya Tatar suka zo daga Rasha.

Yanzu ga abin da nasarar ta ci. Unguwar da ta rayu da ciyar da baƙi dole ta bi abin da baƙi ke so, baƙon yau kuma yana son abu mai arha, mai sauri, mai kyau a hoto. Shagunan da za ka biya kuɗi ƙayyadadde ka ci iya cikinka sun yawaita, haka tagogin sayar da abin ci a tsaye, haka rumfunan duba. Tsoffin gidajen da iyali ke zuwa su zauna a kewayen teburi mai juyawa ana kawo kwano bayan kwano suna ja da baya. A 2022 Heichinro, wanda aka kafa a 1884, aka kuma daɗe ana kiransa gidan abincin Sinawa mafi tsufa a Japan, ya rufe babban gidansa da ke kan babban titi. Jikokin tsoffin iyalai da yawa sun yi jami'a, sun shiga aikin ofis, Japananci ne harshensu na farko, ba sa son tsayuwar kicin. Masu karɓar shagunan galibi sababbin zuwa ne, waɗanda suka fara shigowa tun shekarun 1980, da yawansu daga Fujian. Tsofaffi na ƙorafin cewa sababbi ba sa kiyaye mutuncin da aka yi shekara ɗari ana ginawa. Na fahimci zafinsu, amma ina ganin akwai rashin adalci in aka ɗora wa sababbi laifin duka. Kasuwar da suka tarar ita suke bi, kuma waɗanda suka gabace su ne suka buɗe wa wannan kasuwa ƙofa.

Sinawan da ke Japan sun haura 800,000 a ƙarshen 2023, kuma 'yan kaɗan ne ƙwarai cikinsu ke da alaƙa da unguwar nan. In kana son ganin inda Basinen yau ke sayen kayan miyarsa, ya ci abincin garinsu da yajinsa yadda yake, sai ka je arewacin tashar Ikebukuro a Tokyo, ko Nishi-Kawaguchi. Can babu ƙofa mai ado. A 2008 wasu 'yan kasuwa Sinawa suka kawo shawarar a sa wa yankin Ikebukuro sunan unguwar Sinawa ta Tokyo, sai 'yan kasuwar gari suka ƙi, masu tsattsauran kishin ƙasa suka fito zanga-zanga, maganar ta mutu. Wannan ya nuna mini iyakar karɓuwar da Yokohama ta samu. An rungumi unguwar Sinawa da ke dafa wa Japanawa. Wadda Sinawa ke yi wa kansu har yanzu ana kallonta da gefen ido.

Ko a Yokohamar ma ƙasan ba ta gama ƙarfi ba. A watan Fabrairun 2020 jirgin ruwan Diamond Princess ya tsaya a tashar garin da masu cutar korona a ciki, titunan unguwar suka zama fayau tun kafin cutar ta bazu a ƙasar. A watan Maris wasu gidajen abinci suka samu wasiƙu marasa suna, ana zagin Sinawa, ana ce musu su fice daga Japan. Waɗanda aka aika wa, wasunsu a nan aka haifi iyayensu. Gaskiya ne magajiyar gari ta lokacin, Hayashi Fumiko, ta fito ta yi tir da abin, Japanawa da yawa kuma suka aika saƙon goyon baya, wasu suka zo cin abinci da gangan don a gani. Wannan ba ƙaramin abu ba ne in aka tuna 1923. Amma dokar Japan ta jini ce: haihuwa a ƙasar ba ta ba ka zama ɗan ƙasa, sai in uba ko uwa ɗan ƙasa ne, ko ka nema a ba ka. Akwai mutanen da suke tsatso na uku ko na huɗu a unguwar nan da har yau katin zaman baƙo suke ɗauke da shi, wasu don sun zaɓi haka, wasu don sauya takarda na nufin yanke wata igiya da ba sa son yankewa. Bahaushen zangon Kumasi ko na Sabo a Ibadan ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Iyalan da dokar korar baƙi ta Gana ta 1969 ta taso daga gidajen da aka haife su a ciki sun san yadda takarda ke rinjayar shekaru.

Muna cewa baƙo raɓa ne. Sinawan farko ma haka suka ɗauki kansu, kuma shaidar tana wani wuri da masu yawon buɗe ido ba sa zuwa. A kan wani tudu kudu da unguwar, wajen Negishi, akwai maƙabartar Sinawa, a cikinta kuma akwai wani ƙaramin gini na jan bulo mai tsakar gida, Jizo-obyo, da aka gina a 1892. Yana cikin 'yan gine-ginen garin da suka tsallake girgizar 1923 da wutar 1945. A zamanin farko ɗakunansa na gefe wurin ajiye akwatunan gawa ne. Ba a son a binne mutum a ƙasar wasu, sai a ajiye shi har jirgi ya samu, a mai da shi Kanton a sa shi kusa da kakanninsa. Daga baya jiragen gawa suka daina tafiya. Aka fara haƙa kabari a tudun, ana kafa dutse da sunan mamaci da sunan gundumar da kakansa ya fito. A farkon watan Afrilu, lokacin da Sinawa ke ziyarar kaburbura, iyalai kan hau tudun da tsintsiya da furanni da abinci, su share, su wanke duwatsun, yara na guje-guje a tsakanin kaburbura suna kiran juna da Japananci.